Zafin Nama Ko Zafin Kai? Tsokaci a Kan Kalmar "Aggressive"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wata kalmar Ingilishi guda ɗaya da ta taɓa kunyata ni a gaban babba, wadda tun daga ranar nake bibiyar ta duk inda na ji an ambace ta, kamar mai bin bashi. Kalmar ita ce "aggressive", tare da 'yar'uwarta "aggression". Duk wanda ya zauna ajin fassara ya san irinta. Kowa gani yake ya san ta, sai malam ya ce a faɗe ta da Hausa, sannan a ga ana sosa ƙeya.

Bari in fara da yadda muka gamu. A shekarar da na shigo jami'a, kawuna, wato ƙanen mahaifiyata, wanda ya haura shekara talatin yana sayar da albasa a kasuwar Mil 12, ya kwanta rashin lafiya. Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, buroka ma ba a sayar da shi da ita, amma Turancin likita sai a hankali. Da yake ni ne ɗan boko na kusa, aka ce in raka shi asibiti. Likitar ta duba takardun gwaji, ta dube mu, ta ce ƙarin da aka gano a jikinsa "aggressive" ne, saboda haka maganin da za a yi masa shi ma dole ya zama "aggressive". Sau biyu ke nan a cikin jimla ɗaya. Ni kuwa abin da na haddace tun daga sakandare shi ne ma'anar kalmar nan "mafaɗaci". Sai na juya na ce, "Kawu, ta ce ciwon nan mugu ne, mafaɗaci, kuma maganin da za a yi maka shi ma mai faɗa ne, na ƙarfi da yaji."

Kawu bai ce komai ba sai "Allah ya sa mu dace." Sai da muka shiga mota za mu koma gida ya ce da ni, "Ɗana, in ciwo mugu ne, magani ma mugu, ashe su biyu za su taru a kaina. Ni jikina ba filin dambe ba ne." Daga ranar ya ƙi komawa. Mako bakwai yana shan jiƙe-jiƙe, ana roƙonsa yana cewa a bar shi da Allah. Sai da wata maƙwabciyarsa, malamar asibiti da ta tashi a Zariya, ta karɓi takardun ta karanta, ta ce masa, "Baba, abin da ake nufi shi ne ciwon nan mai saurin yaɗuwa ne, ba ya jira. Don haka ake so a tare shi da wuri, a ba shi magani sosai ba tare da jan ƙafa ba." Kawu ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ya ce, "Da haka aka gaya mini, ai da ban yi wasa ba." Washegari muka koma. Allah ya taƙaita, yana nan yana karɓar magani, amma mako bakwai ɗin nan har gobe a wuyana nake jin su.

Ban yi wa kawu ƙarya ba, kowace kalma na fassara masa ita. Ma'anar ce kawai na bari a ɗakin likita. To, shi ya sa nake ganin kalmar nan ta cancanci mu zauna mu yi mata filla-filla.

Idan muka bi salsalarta, daga Latin ta fito, inda aka haɗa "ad", wato zuwa ga, da "gradi", wato takawa. Tushen nan ɗaya ne da na "progress", takawa gaba, da "regress", takawa baya, da "congress", takowa wuri ɗaya. A Latin ɗin, kalmar aikin tana iya nufin kusantar mutum, ko kama wani aiki, ko kai hari. Mu da Hausa muna da kalmar da ta yi kama da wannan ƙwarai, ita ce "tunkara". Kana iya tunkarar mutum da gaisuwa, kana iya tunkarar jarrabawa, kana kuma iya tunkarar abokin gaba da makami. Abin da ya haɗa su duka shi ne kai ne ka taka, ba ka tsaya an zo maka ba. A tawa fahimtar, wannan ita ce ƙwayar ma'anar "aggressive" a duk inda ta je: abin da ke fara takowa, yana matsowa, ba ya jira a gayyace shi. Ƙarin da ke jikin kawu haka yake, ɗan tallan da ke bin ka har bakin mota haka yake, ƙasar da ta tsallaka iyakar maƙwabciyarta da tankokin yaƙi ita ma haka take.

A nan ne "mafaɗaci" ya gaza. Mafaɗaci mai yawan faɗa ne, amma ba lalle ne shi yake farawa ba. Mai zafin rai kuwa sau da yawa sai an taɓa shi yake tashi. Wanda Bature ke kira "aggressor" shi ne tsuntsun da ya ja ruwa, wato mai tsokana, mai takala, wanda in an zo rabon faɗa aka ce wa ya fara, za a nuna shi. Haka kuma kada mu rikita kalmar da "violent". Mutum na iya zama "aggressive" bai ɗaga hannu ba, murya da ido da matsowa cikin jikin mutum sun isa. Wanda aka kira "violent" kuwa ya riga ya kai ga duka, ko ɓarna, ko zubar da jini.

Wurin da kalmar ta fi nauyi shi ne dokar ƙasa da ƙasa, kuma a nan ne kawai nake goyon bayan a tsayar mata da fassara guda ɗaya tak. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, a sashe na 39, ya ba Kwamitin Sulhu ikon tantance ko wata ƙasa ta aikata "aggression", amma bai faɗi mene ne shi ba. Sai da aka kwashe kusan shekara talatin ana ja-in-ja, sannan Babban Zauren Majalisar ya amince da ma'ana a ƙuduri mai lamba 3314, ranar 14 ga Disamba, 1974. A taƙaice, ƙudurin ya ce shi ne wata ƙasa ta yi amfani da ƙarfin soja a kan ikon wata ƙasa, ko yankinta, ko 'yancinta na siyasa, kuma ya ɗauki fara amfani da ƙarfi a matsayin shaidar farko a kan wanda ya fara. Ya kawo misalai, irin su mamaye ƙasa, da ruwan bama-bamai, da toshe tashoshin jiragen ruwa, da tura sojojin haya ko gungun 'yan bindiga. A taron Kampala na 2010 aka amince da ma'anar laifin a dokar Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, kotun kuma ta sami ikon sauraren sa daga 17 ga Yuli, 2018. A nan Legas ma, a 1978, ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a kan yarjejeniyar da ke ɗauke da wannan kalma a sunanta, inda suka yi alkawarin ba za su far wa juna ba. Ranar 2 ga Maris, 2022, ƙasashe 141 suka jefa ƙuri'ar amincewa da ƙudurin da ya kira abin da Rasha ta yi wa Yukiren da wannan suna. Kun ga ke nan, kalma ce da ake kai shugaban ƙasa kotu a kanta.

To, da Hausa fa? A kan ji "mamaya", a kan ji "hari" ko "farmaki", wani lokaci "kutse", ko "tsokana", ko "cin zali". Kowacce tana da gurbinta, amma ba wadda ta cika ma'aunin. Mamaya nau'i ɗaya ce kawai daga cikin nau'o'in, domin ƙasar da ta toshe wa wata tashar ruwa ba ta mamaye ta ba. Hari bai nuna mai laifi ba, tun da mai kare kansa ma hari yake kaiwa. Tsokana ta yi sauƙi, yara ma suna yi a tsakar gida. Cin zali kuwa ya yi faɗi, ya haɗa da ɗan sandan da ya ƙwace wa ɗan acaɓa makulli. Wani abin sha'awa shi ne Larabawa suna cewa "udwan", kuma Hausa ta daɗe da aro kalmomi daga wannan tushe, sai dai duk sun riga sun kama wasu sana'o'in. "Adawa" ta koma wa jam'iyyar da ba ta kan mulki, "ta'adi" ya zama ɓarna irin ta awaki a gona, "ta'addanci" kuma kowa ya san inda ya sauka.

Ni dai shawarata a ce "takalar yaƙi". Yarjejeniyar 1978 sai ta zama ta hana takalar yaƙi, haka ma wadda Jamus da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla a watan Agustan 1939, Hitila ya warware ta a watan Yunin 1941. Na san wani zai ce takala ai neman faɗa ce, ba ta kai faɗan kansa ba. Gaskiya ne, wannan raunin yana nan. Amma keɓaɓɓiyar kalma ba a haifar ta da cikakkiyar ma'anarta, yawan amfani ne ke cika ta. "Tsarin mulki" ma in aka tsaya kan kalmominsa, bai ce kundin dokoki ba, amma yau ba mai ruɗewa. Abin da "takalar yaƙi" ta fi sauran da shi, ta riƙe abu biyun da doka ta damu da su, wato yaƙi ne, kuma akwai wanda ya fara.

Da zarar mun fito daga kotu, sai labari ya sha bamban. Duk wanda ke yawo a Legas ya ga takardun da ake mannawa a jikin gada da turakun lantarki ana cigiyar "aggressive marketers". Ranar da na fara ganin irinsu, dariya na yi, na ce su wane ne waɗannan da ke neman mafaɗatan 'yan talla, da kuɗinsu? Ashe a bakin ɗan kasuwa kalmar yabo ce. Yana son yaro mai zafin nema, mai naci, mai kazar-kazar, wanda ba ya jin kunyar tare mutum, in an ce masa a'a ya dawo gobe. Haka a fagen kuɗi. A watan Fabrairun 2024, Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 cikin ɗari a zama guda, kuma wannan ita ce kalmar da masu sharhi da Ingilishi kan yi amfani da ita ga irin wannan mataki. Ba wanda aka yi faɗa da shi. Mai fassara sai ya ce an ɗauki tsattsauran mataki, ko an yi babban ƙari a lokaci guda ba sassauci. A filin ƙwallo kuma, koci na iya gaya wa yaransa su zama "aggressive", yana nufin su matsa lamba, su hana abokan karawa sakat, alhali alƙalin wasa na iya ba ɗan wasa jan kati a kan abin da shi ma za a kira da wannan suna. Na farko zafin nama ne, na biyu ƙeta.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi burge ni a duk binciken nan. Inda Bature ya kalli hali irin wannan ya ga taku, Bahaushe zafi ya gani. Sannan bai bar zafin a wuri ɗaya ba, sai ya rarraba shi a sassan jiki da na rayuwa, kuma inda ya ajiye shi ne ke gaya maka yabo ake yi ko zargi. Zafin nama yabo ne, ana faɗinsa ga soja da ɗan dambe da matar da ta gama aikin gida kafin hantsi. Zafin nema yana tsaka-tsaki. Zafin rai da zafin zuciya rauni ne da ake yi wa mutum uzuri a kai, a ce haka Allah ya yi shi. Zafin hannu na mai saurin duka ne. Zafin kai kuwa ba mai so a jingina masa. Ku duba kishiyar ma, haka take: sanyin hali abin so ne, sanyin jiki abin ƙi, sanyin gwiwa abin tausayi. Wato abin da Ingilishi ya cusa a buhu ɗaya ya bar wa mai sauraro ya tsince, Hausa ta riga ta zuba kowanne a ƙwaryarsa. Saboda haka duk ɗalibin da ya ce Hausa ba ta da kalmar "aggressive" bai faɗi daidai ba. Yawa suka yi mata, zaɓen ne aiki.

Ta fuskar nahawu ma akwai darasi. Da yake kalmar sifa ce a Ingilishi, mu ma sai mu dage sai mun samo sifa, mu ƙare da "mafaɗaci" ko "masifaffe" ko "fitinanne". Alhali Hausa ta fi son ɗora irin wannan nauyi a kan aikatau da bayanau. Kamfani ya shiga kasuwa gadan-gadan. Gwamnati ta tasa masu fasa-ƙwauri a gaba. Ana yaƙi da cutar shan inna ka'in da na'in. Ya dira a kansa, ya far masa, ya hana shi shan ruwa. Suna talla wurjanjan, ba ji ba gani, ba kama hannun yaro. Kowace daga cikin waɗannan jimloli, in aka mayar da ita Ingilishi, kalmarmu na iya fitowa a ciki, amma ba inda muka buƙaci sifa. Ga dabba ma, Bahaushe ya fi faɗin abin da take yi: kare mai cizo, sa mai tunkuyi, jaki mai harbi.

Mun taɓa tafka muhawara a kan wannan da wani abokin karatuna, wanda ra'ayinsa shi ne a huta, a ari kalmar kawai, a ce "agiresib". Hujjarsa ita ce Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro ba. Daga Larabci ta ɗebo, daga Ingilishi ta samo mota da likita da asibiti, daga Yarbanci ta karɓi agogo da ashana da akawu. Duk na yarda. Sai dai galibin waɗannan abubuwa baƙi ne da suka zo da sunayensu. Faɗa da naci da ƙwazo kuwa ba Bature ne ya kawo mana su a jirgi ba. Bayan haka, da na ce wa kawu ciwonsa "agiresib" ne, da me na ƙara masa? Aro a nan ɗauko duhun ne gaba ɗaya a shigo da shi cikin Hausa, mai fassara ya tsira da mutuncinsa, mai sauraro ya tashi a tutar babu.

Kuma duhun nan ba kullum ne yake na rashin sani ba, wani lokaci da gangan ake fakewa a cikinsa. Ku tuna kamfanonin ba da rance ta wayar hannu, waɗanda in mutum ya yi jinkirin biya suke aika saƙo ga duk lambobin da ke wayarsa, har surukansa, suna kiran sa ɓarawo, abin da ya kai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya ta kai wa wasunsu samame a Legas a 2022. Da Ingilishi ana iya kiran wannan "aggressive recovery", kalmar ta zauna lafiya, mai kamfani ya ji ƙwazo, wanda aka ci wa mutunci ya ji zalunci. Hausa ba ta ba ka wannan mafaka. Ko dai ka ce suna bin bashi da naci, ko ka ce suna tozarta mutane. Dole ka duba abin da aka aikata, ka yanke hukunci. Wasu na ganin wannan ya sa mai fassara ya zama alƙali, alhali aikinsa isar da saƙo ne. Ni kuwa ina ganin in bai fahimci abin da ya faru ba har ya iya zaɓen kalma, to bai kai ga fara fassarar ba ma.

Akwai kuma batun al'ada, wanda bai kamata mu yi masa gaggawa ba. A. H. M. Kirk-Greene, a ɗan littafinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci. Duk wanda ya dubi jerin nan zai ga ba gurbin mai kutsawa gaba yana ture mutane. Daga nan sai wasu su yanke cewa Bahaushe bai san "aggressive" ta yabo ba. Ban yarda ba. Bakin da ya ce zafin nema ba ya kawo samu, shi ne ya ce mai nema yana tare da samu. Fataken da suka riƙa taka ƙasa daga Kano zuwa Gwanja neman goro, da iyayenmu da suka kafa Sabo a Ibadan da zango a Agege, ba masu sanyin jiki ba ne. Abin da al'adar ta ƙi shi ne a ga zafin a fuskarka ko a ji shi a muryarka. Ka nema iya ƙarfinka, amma ka yi sallama, ka gaisa, ka tambayi iyali, sannan ka kawo maganar.

Mu da muke karatu a Kudu muna ganin wannan kullum. Makon farko da na shiga motar haya a Legas, na ɗauka kwandasta da fasinja za su dambace, sai na ga an ba da canji, an yi dariya, kowa ya kama gabansa. Abin da kunnena ya ji faɗa, a wurinsu ciniki ne. In abin ya wuce kima, su ma suna da sunansa da buroka, "gra-gra", wato hargagi da cika baki don a tsorata mutum. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wata abokiyar karatunmu Bayarabiya ta taɓa gaya mini cewa kawaicinmu ne ke ba ta tsoro, domin ba ta sanin ko mun yarda ko mun ƙulla ta a ciki. Ashe ma'aunin da ake auna wannan hali da shi ba ɗaya ba ne daga gari zuwa gari, kuma idan aka kira mutum "aggressive", rabin bayanin a kan mai faɗar yake.

Ga 'yan'uwanmu masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, ga gargaɗi na musamman idan maganar mace ake yi. Ingilishi yana da "assertive" ga mai tsayawa kan haƙƙinsa ba tare da taka na wani ba, kuma sananne ne cewa halin da za a yaba wa namiji da wannan kalma, mace in ta yi shi sai a kira ta da ɗayar. Hausa ma ba ta tsira daga wannan ba. "Mafaɗaciya", "masifaffiya", "mai tsiwa", "mai tsaurin ido", "fitsararriya", kowacce dutse ce, in ka jefa ba ta dawowa. Idan takardar shaida ta ce wata ma'aikaciya "aggressive" ce wajen cim ma abin da ta sa gaba, ka rubuta jajirtacciya ce, ko ba ta wasa da aikinta, ko ka yi mata kirari da kallabi tsakanin rawuna. In ka rubuta masifaffiya, ka raba ta da aikin, wataƙila har da mijin aure.

Saura 'ya'yan da kalmar ta haifa a ilmin halayyar ɗan Adam. "Passive-aggressive" ta samo asali ne daga likitocin rundunar sojan Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka lura da sojojin da ba za su ce sun ƙi umurni ba, amma sai su yi ta jan ƙafa, da kumbure-kumbure, da ɓata aiki da gangan. Da na karanta wannan sai na ce, ai da sun zo gidan mai mata biyu da sun huta da bincike. Gaba muna da ita, da ƙunƙuni, da noƙewa, da shaguɓe, da gugar zana, da gatse, da habaicin da ake saka wa a waƙar daka, da "to" ɗin nan mai ja wadda kowa ya san a'a ce. Muna da a ciza a hura, muna da kisan mummuƙe. Idan ana neman suna ɗaya na aji, "faɗan ruwan sanyi" zai yi, amma a cikin labari ko wasan kwaikwayo, gara a kira kowanne da sunansa na gida.

Ta ƙarshe ita ce "microaggression", wadda Chester Pierce, wani likitan ƙwaƙwalwa baƙar fata na Jami'ar Harvard, ya ƙirƙira a 1970, domin ya bayyana ƙananan maganganu da ɗabi'un raini da baƙaƙen fatar Amurka ke sha kullum, waɗanda kowannensu bai kai a kai ƙara ba, amma in suka taru sai su yi nauyi. Ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Duk Bahaushen da ya zauna a Kudu ya san yadda "aboki", kalmarmu mai daɗi, kan fito daga wani bakin da wata ma'ana daban, ya kuma san yabon nan na "kai ba ka yi kama da Bahaushe ba". Adalci kuma shi ne mu tuna da sunayen da mu ma muke kiran baƙi da su a garuruwanmu, muna cewa wasa ne. Na gwada "ƙananan cin fuska", na gwada "raini a fakaice", duk ba su kwanta mini ba. Ran nan da na je duba kawu, na kwatanta masa abin, tun da shi ya fi shekara talatin ana kiran sa aboki a kasuwa, na ce, "Kawu, me za ka kira wannan?" Ya ɗan yi shiru yana gyara filo, ya ce, "Wanne? Na masu sayen albasa? Ai wannan raini ne da fara'a." Na rubuta shi a bayan littafina, kuma shi zan kai ajin fassara in an dawo hutu.